Rokoki Bakwai a McLeansville

Ku da kuke buɗe waya ku ga rufin gidanku daga sama, har da motar maƙwabci, sannan ku ce mini ai wannan aikin ba wani abu ba ne, ku gyara zama. Ni Isiyaku shekara talatin da ɗoriya na yi ina ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama ina karanta shi. Kafin in ƙware sai da aka harbi jirgin da nake ciki, aka kuma riƙe mini fasfo wata biyar. Ba a bakin iyakar Rasha ba, a nan Greensboro.

Na zo ƙasar nan ta Amurka a ƙarshen shekarun saba'in, karatun digiri na biyu a kan labarin ƙasa. Ɗaki na kama a unguwar Glenwood, a wani tsohon gidan katako da ke ƙara duk inda ka taka, ina zuwa makaranta a keke. Wani malaminmu ne ya ce mini akwai ƙaramin kamfani a bayan gari da ke neman wanda ya iya taswira. Na sa kwat na je. Ashe kamfanin rumfar kwano ce a gefen wani ƙaramin filin jirgi, da jirgi ɗaya mai farfela, da mutum biyu. Mai kamfanin Mista Preston, tsohon sojan sama ne, dogo, ba ya gaggawar magana. Matuƙiyar jirgin kuwa Loreta, gajeriyar mace mai cin cingam, wadda sai ta ɗora matashi a kan kujera take hango gaba.

Mista Preston bai dubi takarduna ba. Hoto biyu ya ajiye a kan tebur, kusan iri ɗaya, ya ɗora musu wani tabarau mai ƙafafu kamar 'yar kujera.

"Me ka gani?"

"Hoto biyu, ranka ya daɗe."

"Sake dubawa. Kada ka matsa wa idonka, ka sake shi."

Na duba har idona ya kawo ruwa. Can sai hotunan suka haɗe, ƙasa ta taso. Bishiyoyi suka miƙe, kwari ya zurma, wata hasumiyar coci ta nufo ƙwayar idona kamar mashi. Na ja da baya da ƙarfi, kujera ta kife da ni, kwat da komai. Loreta ta yi dariya har ta haɗiye cingam ɗinta.

"Ka samu aiki," in ji Mista Preston. Sunana ya gagare shi, a ranar ya gutsure shi ya koma Zak.

Aikina na farko a sama shi ne hoton gonakin taba, don hukuma ta auna ko manomi ya wuce abin da aka yarje masa ya shuka. Kyamarar nauyinta ya kai buhun masara, a girke take a kan wani rami da aka huda a ƙasan jirgin. Ni kuma ina durƙushe a gefenta, ina leƙen ƙasa ta wani gilashi, ina gaya wa Loreta ta ɗan yi dama, ta ɗan yi hagu. Dole jirgi ya tafi sak kamar an ja zare, kuma kowane hoto ya hau kan fiye da rabin na bayansa, in ba haka ba ƙasa ba za ta taso ba a ƙarƙashin tabarau. Fim ɗin faɗinsa ya fi tafin hannu a buɗe, a naɗe cikin gwangwani, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai ka sauka ka wanke. In gajimare guda ya gifta, aikin yini ya lalace. Daga hantsi zuwa azahar kawai ake tashi, lokacin da inuwa take gajeriya. Ranar farko na yi amai a kan gundumomi uku. Loreta ta ce ba komai, taki ne.

Masu kawo mana aiki kala-kala ne. Akwai ofishin harajin gunduma, masu son ganin wanda ya ƙara ɗaki a bayan gida bai faɗa ba. Akwai masu gina hanya. Akwai wata mata mai gonar dawaki a Summerfield da ta ce a ɗauki gonarta don ta rataya a falo, amma da sharaɗi: dawakin duka su fuskanci gefe ɗaya. Sau huɗu muka koma. A na huɗu goma sha ɗaya suka juyo, na sha biyun ya ba mu baya. Na zauna da siririn buroshi na juya shi da hannuna. Har ta rasu hoton nan yana falonta, kuma duk baƙon da ta yi sai ta nuna masa wannan dokin ta ce shi ya fi hankali.

Amma ɗaukar hoto rabin sana'a ne. Karatunsa shi ne aikin, kuma a nan Mista Preston ya sha gaban kowa. Yana soja, aikinsa kenan: jiragen leƙen asiri su ratsa sararin ƙasashen da ba sa shiri da Amurka, su dawo da fim, shi kuma ya zauna a ɗaki marar taga ya faɗi abin da ke ciki. Bai taɓa gaya mini sunan wuri ko ɗaya ba. Abin da ya koya mini shi ne yadda ake dubawa. Tsawon abu, daga inuwarsa ake auna shi. Nauyin abin da aka kai wuri, daga faɗin kwanar hanya ake gane shi, don doguwar mota ba ta iya karya kwana a takure. Ya kan ce in bar kallon abin da kansa tukuna, in fara da hanyar da ta kai gare shi.

Wata rana muna cin abincin rana, ni da gurasa da sadin, na tambaye shi ko leƙen nan da manyan ƙasashe suke yi wa juna alheri ne ko tsokana.

Ya daɗe yana tauna. Ya ce, "Akwai lokacin da manyanmu suka rantse abokan gaba sun tara jiragen yaƙi kamar fari. Kowa ya tsorata, ana ta maganar a riga su. Aka kawo mana hotuna muka ƙirga, muka sake ƙirgawa. Ba su kai yadda ake faɗa ba, ko kusa. Zukata suka kwanta. Wannan fim ɗin ya hana abin da ba na son in ambata."

"To ai alheri ne," na ce.

"Akwai kuma wani matuƙi da muke wasan kati tare. Aka aike shi ya ɗauko hoton wani wuri da an riga an san abin da ke cikinsa, wani babba ne kawai yake son ya ƙara gani. Bai dawo ba. Kuma saura kaɗan ƙasashen biyu su kama juna a kan gawarsa." Ya goge bakinsa. "Kafin ka tashi jirgi, Zak, ka san abin da kake son sani, ka tabbata ba wata hanyar saninsa sai ta sama. Sannan ka tambayi kanka: in mutumin da ke ƙasa ya ɗaga kai ya gan ka, me zai ɗauka kai ne?"

Na gyaɗa kai kamar na fahimta. Gaskiyar magana, rabin farko na labarin ne kawai ya shiga kunnena. Tun daga ranar duk rumbun da na gani a hoto sai na auna inuwarsa sau biyu.

Aikin da ya jawo mana magana na hukumar gandun daji ne, a farkon shekarun tamanin, a kakar da Rasha ta harbo wani jirgin fasinja tana cewa leƙen asiri ya shigo yi. Ba za ku gane yadda garin nan yake ba a lokacin. A shagon aski maganar kenan, a bas maganar kenan. Mu kuma wani ƙwaro ne yake kashe bishiyoyi, aka ce mu ɗauki dazukan gabashin gari da wani fim na musamman wanda ganye mai lafiya yake fitowa ja jawur a cikinsa, marar lafiya kuma fari-fari.

Ina bin hotunan ƙauyen McLeansville a kan tebur mai fitila, da farar safar hannu da jan fensir, sai na ci karo da su. A bayan wata tsohuwar gonar taba, a cikin bishiyoyi, abubuwa bakwai dogwaye, farare, a kwance a jere. An ja raga an rufe rabinsu. Sabuwar hanya ta shigo daga titi, kwanarta mai faɗi. Ga shinge, ga ramuka an fara haƙa. Na auna: kowanne ya fi bas tsawo.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na sami kaina ina zagaya tebur da safa a hannu, ina dariya ni kaɗai.

"Ranka ya daɗe, na gano rokoki, makamai masu linzami."

"Na wa?"

"Ban kai nan ba tukuna."

Loreta ta leƙa tabarau ta ɗago ido a waje. Ta ce akwai mai a jirgi, minti goma ne, mu sauko ƙasa-ƙasa mu ɗauke su har a karanta rubutun jikinsu. Ni har na ga hotona a jarida, na ga ana karanta wa mahaifiyata a Funtuwa.

Mista Preston ya zauna ya duba. Ya duba hoton gaba, ya duba na baya. Ya ce, "Ba za mu je ba."

Ya bi mana abin dalla-dalla. In na gwamnati ne, to mun leƙa abin da ba a so a leƙa, kuma ba da nisa ba akwai wata masana'anta da kowa ya san tana yi wa soja aiki, wadda tun farko aka ce mu riƙa kauce wa samanta. Ni baƙo ne, takardar zamana a jikin kamfanin take rataye. Jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa da baƙon ƙasa riƙe da kyamara, a wannan kakar, ba sai an yi wa kowa bayani ba. In kuma ba na gwamnati ba ne, to tankunan ajiya ne kawai, mun firgita bawan Allah a gonarsa a banza. Ya ce rokoki ba a ajiye su ba mai gadi, ba waya, ba wuta.

Na fara tattara hotunan. Sai ya dafe ɗaya da yatsa.

"Tsaya. Mene ne wannan?"

Wani ɗan rafi ne da ya fito daga ƙarƙashin shingen. Sama da wurin, bishiyoyin bakinsa ja jawur. Daga shingen zuwa ƙasa kuwa fari-fari, gefe da gefe, kamar an bi su da toka. Ƙwaro ba ya bin rafi haka, tsalle-tsalle yake yi. Muka bi farin layin da fensir, hoto bayan hoto, har ya kai mu wasu ƙananan gidaje, kowanne da ɗan ɗakin rijiya a bayansa.

Mista Preston ya buga waya ofishin gunduma. Aka ce masa ya rubuto takarda, za a duba. Ya tuƙa motarsa ya je da kansa, ya tarar da ƙofa da sarƙa da karnuka biyu, daga titi ba a ganin komai. Da ya dawo ya ce ya ji ƙarar katafila a ciki. Ana binne abubuwan nan. In aka rufe ramukan aka shuka ciyawa, hotonmu na can sama ba zai gamsar da kowa ba, don ba a ganin abin da ke fita daga cikinsu.

Kwana biyu yana kai da kawo a rumfa. A na uku da safe ya ce, "Wucewa ɗaya. Ba zagaye, ba komawa. Zak, kai ba dole ba ne, zan iya riƙe kyamarar."

Gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, kowa ya sani. Kuma ko da tana lanƙwasuwa, da igiya ma ba a isa a ɗaure ni a ƙasa ba ranar.

Ban taɓa tafiya ƙasa-ƙasa haka ba. Kan bishiyoyi yana wucewa ta ramin kyamara kamar in miƙa hannu in tsinko ganye. Na ga kaji suna watsewa, na ga wata mata ta saki kwandon wanki. Loreta tana waƙa. Ni ina ƙirga, ina danna maɓalli, bakina ya ƙi rufuwa. Sai ga tankunan a ƙarƙashina, uku sun riga sun shiga rami, ɗaya ya tsage a gefe, wani baƙin ruwa mai sheƙi yana malala zuwa rafi. Sai ga mutum ya fito daga bayan katafila da doguwar bindigar farauta. Ta gilashi na gan shi ƙarara, har jar hularsa. Ya ɗaga bindigar.

Ƙarar kamar an watsa tsakuwa a kan kwano. Loreta ta ja jirgin sama har cikina ya koma ƙafata.

"Ka ɗauka?" ta tambaya.

"Har da shi."

Muka kama dariya, irin wadda ba ta tsayawa. Muka sauka muna yi. Mista Preston ya zagaya ya sa yatsa a ƙananan hujojin da ke jikin wutsiyar jirgin, ya ƙirga su, bai yi dariya ba.

Kafin fim ya bushe jami'an gwamnati biyu masu baƙar kwat sun iso. Mai gonar ya riga mu buga waya, ya ce 'yan leƙen asiri sun kawo masa hari, ya ga wani baƙar fata yana leƙowa, ƙila ɗan Kuba ne. Suka karɓe fim ɗin duka. Kafin su rufe gwangwanin Mista Preston ya manna masa 'yar takarda, ya rubuta: ku dubi rafin. Ni kuma suka tafi da ni wani ofis, suka yi mini tambayoyi har la'asar. Wa ya turo ni ƙasar nan. Ko na taɓa zuwa Libiya. Me ya sa akwai rubutun Larabci a aljihuna. Na ce jadawalin lokutan salla ne. Ɗayan ya tambaye ni me na zaci abubuwan nan ne da farko. Na ce rokoki. Ya ajiye biro ya dube ni, ya dubi ɗan uwansa, ya fita waje. Ina jin dariyarsa ta bango.

Dariyar ba ta hana su riƙe fasfona ba. Aka dakatar da lasin Loreta saboda ta sauko ƙasa fiye da yadda doka ta yarda, kuma gaskiya ta sauko. Hukumar gandun daji ta janye aikinta, masu haraji suka bi baya. Wannan ita ce mummunar shekararmu. Jirgi a rumfa an lulluɓe shi, Loreta ta koma tuƙa motar ɗaukar kujeru, ni kuma takardata ba ta ba ni damar aiki a wani wuri ba. Mista Preston ya sa ni jera tsofaffin gwangwanayen fim ina rubuta musu suna, don kawai a ce ina da aiki.

Alhaji Mahaman, wani dattijo ɗan Damagaram da ke koyar da Faransanci a jami'a, shi ya riƙe ni. Duk Juma'a a gidansa nake cin tuwo. Ranar farko ya bar ni na ƙoshi, sannan ya ce, "Malam Isiyaku, Amirka da Rasha suna leƙen juna, kowa da jiragensa da bama-bamansa. Kai da kekenka da papiye guda ɗaya, takardar zaman nan taka, wa ya sa ka a ciki?"

Na ce, "Alhaji, rijiyoyi ne."

Ya ce, "To. Ƙara miya."

A wata na biyar aka kira mu. Masu karanta hoto na gwamnati sun bi takardar Mista Preston sun dubi rafin, suka miƙa wa masu kula da muhalli. Aka je da 'yan sanda aka tono tankunan. Dagwalon guba ne na wata masana'antar rini, mai gonar yake karɓa yana binnewa. Aka rufe rijiyoyin gidajen nan, aka ja musu ruwan famfo. Aka miƙo mini fasfona a cikin ambulan, ba ban haƙuri, ba godiya. Loreta sai da ta cika shekara kafin ta sake tashi, kuma wasu masu ba mu aiki ba su taɓa dawowa ba. Na tambayi Mista Preston ko yanzu ya yarda mun yi daidai. Ya ce da harsashin ya matsa gaba taku uku, da wata magana muke yi, kuma da rafin yana nan yadda yake. Iyakar abin da ya ce kenan.

Bayan an ja famfon, wata tsohuwa baƙar fata ta zo rumfarmu, ɗanta ya kawo ta a mota. Sunanta Odessa, gidanta ne na biyu a bakin rafin, ita ce ta saki kwandon wanki. Ta ce shekara biyu jikokinta suna ƙaiƙayi da ciwon ciki, an rasa dalili. Ta tambaya wane ne mai kyamarar, aka nuna ni. Ta ɗora mini wani ƙunshi mai nauyi a hannu, da ɗuminsa. Na buɗe: cinyar alade ce guda, an gasa ta da zuma.

Na tsaya riƙe da ita kamar an ba ni jaririn wani. Loreta ta zo ta karɓe, ta raɗa wa tsohuwar magana a kunne.

"Ayya," in ji tsohuwar. "To, kaza fa? Kana cin kaza?"

"Ina ci, Mama."

"Ranar Lahadi za ka ci kaza a gidana." Ta zauna a kan kujerata, ta dube ni sama da ƙasa. "An ce mutumin nan ya harbe ku, kuma saura kaɗan a mayar da kai ƙasarku. Faɗa mini gaskiya, ɗana. Da ka san haka za ta faru, da ka je?"

Na so in ce e. Mista Preston yana kallona, Loreta ma ta daina yankan naman.

Na ce, "Gaskiya, Mama, da ban je ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta gyara jakarta a cinya.

"To, gara da ba ka sani ba," ta ce. "Ƙarfe biyu. Kada ka makara."